Dawar Ɓagas a Gayaunar Roda

Da hantsi ne, ƙarshen bazara. Rana ta riga ta yi zafin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, ga wani ɗan hadari can gabas yana haɗuwa yana watsewa, kwana na huɗu ke nan yana yi wa mutane haka. A Gidan Buwai, wani ɗan ƙauye da ke gefen hanyar Bagwai, kowa ya gama sharar gona, ya kai taki, ba abin da ake jira sai ruwa ya sauka.

Maikano yana zaune a kan benci a ƙofar shagon Jaji, yana shan inuwa. Shekarunsa sun kusa hamsin, mutum ne mai fara'a, ba ya faɗa da kowa, ba ya fashin coci. Abu ɗaya ne da shi. In dai aka ce ana raba abu kyauta, to ko mene ne, sai ya je. Ya taɓa bin layi a asibiti tun safe har azahar, da ya isa gaba ya tarar ashe maganin mata masu ciki ake rabawa, kuma duk da haka bai dawo hannu wofi ba. Ɗakinsa cike yake da kalandar shekarun da suka wuce da hulunan jam'iyyu kala-kala, har da na waɗanda ba sa ga maciji da juna. Shi ya sa Jaji, abokinsa tun suna yara, wanda kakanninsa suka zo daga Barno suka zauna a nan, yake kiransa Sarkin Ɓagas.

Suna cikin hira sai ga wata farar mota ta sauka daga titi, da lasifika a kanta, ta tsaya a gindin darbejiya. Wata yarinya mai hijabi ta fito, ta gaida mutane da ladabi, ta ce sunanta Khairat, daga wani kamfanin iri take, sun kawo sabon irin dawa za su raba wa manoma su gwada.

"Nawa ne?" in ji wani daga baya.

"Kyauta ne, Baba."

Jaji ya juya zai yi wa abokinsa magana, sai ya ga benci ba kowa. Maikano har ya kai bakin mota.

Ita dai Khairat ba ta ɓoye komai ba. Ta ɗaga leda ɗaya sama, ta yi bayani dalla-dalla. Ta ce dawar gajeriya ce, ba ta wuce ƙugun mutum. Ta ce tana nuna da wuri, tun sauran dawa ba ta fid da kai ba. Ta ce irin an cuɗa shi da magani, don haka ba a ci, ba a ba dabba. Kowa ya ji, ban da Maikano. A daidai lokacin direba ya buɗe bayan mota, ga bokitai shuɗɗa sababbi fil an jera su cikin juna, har da murfi. Tun daga nan kunnuwansa suka tafi hutu.

Ya shiga layi kansa ba hula, ya karɓi leda ɗaya da hular kamfani. Ya zagaya bayan shago, ya sa hular, ya dawo ya karɓi ta biyu. Ya sake zagayawa, ya zari babbar rigar Jaji da ke rataye a ƙusa, ya zura, ya dawo yana ɗan ɗingishi.

Khairat ta dube shi, ta danne dariya. "Baba, ƙafar ce ta motsa? Ɗazu lafiya lau kake tafiya."

"'Yata, ciwon tsufa ba ya sallama."

Ta ba shi ta ukun, don da ma masu karɓar ba su da yawa. Sannan ta ɗaga murya ta ce saura bokiti da riga da buhun taki, amma su na mutum ɗaya ne, wanda yake da gona a bakin titi, ya yarda a shuka irin a ciki, a kafa allon kamfani masu wucewa su riƙa gani.

Mutane suka shiga kallon ƙasa. Maikano ya ɗaga hannu har rigar Jaji tana zamewa.

"Ina gonar take, Baba?"

Ya miƙa yatsa. "Ga ta can, mai kuka a tsakiya."

Jaji ya ce, "Innalillahi," a hankali, ya koma cikin shago.

Abin da ya sa Jaji salati shi ne, gonar nan ba ta Maikano ba ce. Tasa tana can bakin rafi, nesa da titi, ƙasa baƙa mai laima, da mangwaro biyu, wadda mahaifinsa ya bar masa, kuma duk Gidan Buwai ba gonar da ta kai ta. Wannan ta bakin titi gayaunar Roda ce, matarsa. A wajen mutanen nan kuwa, mace tana yin aikin gandu tare da kowa, amma tana da 'yar gonarta ta kanta, ita ce gayauna. Abin da ta noma a ciki nata ne. Miji ba ya sa fartanya a ciki sai da izininta, ba ya leƙa rumbunta. Tun kafin a gina coci a ƙauyen haka ake yi, bayan an gina ma ba a canja ba.

Kafin azahar an kafa allo a gayaunar Roda, da sunan Maikano a jiki da manyan baƙaƙe.

Ya shigo gida da bokiti a ka, buhun taki a kafaɗa, riga a kan riga. Roda tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗar shuka. Ta ɗaga ido sau ɗaya ta mayar.

"Maman Micah, dubi abin da Allah ya kawo mana."

"Na gani. Na kuma ga abin da ya kafa a gonata."

Ashe labari ya riga shi isowa. Ya yi 'yar dariya, ya durƙusa yana kwance leda. "Bari ki gani. Ɗaya za a shuka, biyun nan kuwa gobe a kai inji, mu sha kunu."

Ya zazzage a faifai. Dawa ta zubo ja wur, kamar an rina ta da janbaki, ga wani wari mai hawa kai. Wata kaza ta taho da gudu, Roda ta kore ta da zani.

"To bismillah, Baban Micah. A dama maka da tsamiya ko da nono?"

Sai a lokacin wata magana ta dawo masa daga nesa, kamar an taɓa cewa ba a ci. Ya tsura wa faifan ido. Roda ta karkaɗe zaninta, ta ɗaura ɗankwali, ta ce ya taso su je wajen Baba.

Baba Buwai wan mahaifin Maikano ne, shi ne babba a gidan, kuma sunansa ƙauyen ya ci. Ya tsufa ƙwarai, amma idonsa garau. Suka same shi a zaure yana tufkar igiya. Ya saurari Roda har ta gama, ya saurari Maikano har ya fara maimaita kansa.

"Roda, a cire allon?"

"A'a, Baba. Ya riga ya dangwala yatsa a takardar mutane, ba zan sa a ce mijina maƙaryaci ne ba. Na ara masa gonar bana. Amma gonar nan kowace shekara abu biyu take ba ni. Dawa dami goma sha biyu, da karan da nake yin dangar bayan ɗakina, inda nake wanka, inda awakina suke. In kaka ta yi ina son duka biyun."

"In ba su samu ba fa?"

"Sai mu yi musanya. Ya riƙe ta bakin titi tunda yana son ta, ta bakin rafi ta zama gayaunata."

Baba Buwai ya dubi Maikano. "Ka ji?"

Maikano ya so ya ja da baya, don gonar bakin rafi ita ce abin da yake taƙama da shi a duniya. Amma ya tuna hoton da ke jikin ledar, zangarniya kamar kan jariri. Ya ce, "Na ji, Baba. Goma sha biyu ai wasa ne."

"Da kara," in ji Roda.

"Da kara, da kara. Dawa ai ba ta tsayawa a kan iska."

Daren Alhamis ruwa ya sauka, gari ya waye kowa da sungumi a kafaɗa. Maikano ya shuke gayaunar Roda da leda ɗaya. Saura biyu. Ba a ci, ba a ba kaji, kuma zubar da abin da aka samu a ɓagas, a wajen Maikano, ya fi ƙarfin zuciya. Sai ya kwashe su ya tafi bakin rafi, ya shuke gonarsa kaf da su. Tsohon irin kaura da ya rataye a ɗaki tun bara kuwa, ya sauko da shi aka kai inji, don dai kunun da ya yi niyya kada ya wuce shi.

Gaskiya a faɗe ta, dawar ta yi kyau. Ta fito kore shar, ganye faffaɗa, layi-layi kamar 'yan makaranta. Kafin a gama noman firi, wato noman farko, ta fi ta kowa cika ido. Masu babura suna rage gudu su duba allon. Maikano ya koma yini a gindin kuka cikin rigar kamfani, duk wanda ya tsaya sai ya yi masa bayanin da shi kansa bai saurara ba. Khairat ta zo sau biyu, ta ɗauke shi hoto yana riƙe da ganye.

Da aka yi maimai, noma na biyu, dawar maƙwabta ta miƙe ta wuce kan mutum, ta wuce kan mai jaki. Ta Maikano ta zo daidai ƙugu ta tsaya.

"Hutawa take yi," ya ce wa Jaji.

"To Allah ya tashe ta lafiya," in ji Jaji.

Ba ta tashi ba. Maimakon haka sai ta fid da kai, ta yi bununi, ta fara ƙwaya, alhali ta kowa ko ciki ba ta yi ba. Zangarniya manya-manya, farare tas, kamar dai na jikin ledar. Maikano ya yi kwana biyu yana tafiya kamar mai sabon takalmi.

Rana ta uku tsuntsaye suka gano.

A ƙasar nan gona tana jikin gona, kuma kowa iri ɗaya yake shukawa, lokaci ɗaya take nuna. In tsuntsayen jan baki suka zo, kowa ya ba da kaɗan, ba wanda zai ji a jikinsa. Bana kuwa, daga nan har Bagwai, dawa nunanniya a gona biyu kawai take, kuma duka biyun na mutum ɗaya ne. Sai ka ce shela aka yi musu. Tun asuba suke sauka kamar hayaƙi.

Maikano ya ɗaura gwangwanaye a igiya. Ya yi majajjawa. Ya tuɓe rigar kamfani da hular ya sa wa mutum-mutumi, tsuntsaye suka mayar da kafaɗarsa wurin hutawa. In ya kore su daga bakin titi sai su tashi su nufi bakin rafi. Ya bi su da gudu, yana isa su ɗaga su dawo. Mutumin da ɗansa Micah har ya girma yana aikin gini can birni a Bacirawa, ga shi yana tsere da tsuntsu yana ihu, "Haa! Haa!" Mata masu zuwa rijiya sai su ajiye tulu su yi kallo.

Ran nan ya zube a bencin Jaji, murya ta dishe.

"Sarkin Ɓagas, ai ka yi abin kirki," in ji Jaji yana miƙa masa ruwa a moɗa. "Kai aka ba kyauta, kai ma ka buɗe rabo. Su ma na ga ba sau ɗaya suke shiga layi ba."

"Jaji, bar ni da abin da ke damuna."

"Gona biyu, ƙafa biyu, amma duk a jikin mutum ɗaya suke. Zaɓi ɗaya."

Maikano ya yi tunani. In dawar bakin rafi ta tafi, ta bana ce kawai ta tafi. In ta Roda ta tafi, gonar ce ɗungurungum za ta tafi. Yana cikin wannan sai idonsa ya yi haske. Ya tashi ba sallama.

A ƙarƙashin gadonsa akwai gidan sauro guda tara, sababbi a ledarsu, na rabon asibiti shekara da shekaru. Ya fito da su, ya farke, ya ɗinke su da juna da igiyar buhu. Bai ishe shi ba, ya kwance nasa. Ya leƙa ɗakin Roda ya ga ta tafi taron zumuntar mata a coci, ya kwance nata ma. Da yake dawar gajeriya ce, sai ya shimfiɗa mata su a ka kamar ana shanya. Da yamma Roda ta dawo, ta tsaya a bakin titi ta ga gonarta ta yi lulluɓi fari da shuɗi. Ta shiga tsakiya, ta gane nata da wani ɗinki da ta yi masa da jan zare, ta warware shi, ta naɗe, ta sa a hammata.

"Maman Micah, layi uku fa kika buɗe!"

"Gona na ara maka. Jinina ban ara wa sauro ba."

Layi ukun nan shi ya tsare su da bakinsa har aka yi girbi. Ta bakin rafi kuwa, da ya je dubawa, tsuntsaye sun bar masa kara da sussukakken kai, ko na kunu bai samu ba.

Aka yanke dawar gayauna ana sauran ruwa, aka sha wahalar shanya, ana fitarwa ana mayarwa. Ranar ɗauri Baba Buwai ya zo da sandarsa ya zauna a gindin kuka, ana ɗaurewa yana dubawa, kada a yi dami mai ramammen ciki. Aka jera. Goma sha huɗu.

Maikano ya cire hula ya jefa sama. "Baba, ka gani! Har da biyu na gyara!"

Roda ta zagaya damman, ta murza zangarniya ɗaya a tafin hannu, ta hure, ta tauna. "Ba laifi," ta ce. "Dawa ta yi. Saura kara."

Maikano ya juya ya dubi gonar. Ga karan nan tsaye, an yanke musu kai, yanzu ko ƙugun ma ba su kai ba.

Baba Buwai ya ce a jira kowa ya yi girbi, kara ya bushe. Ya ba shi har sati guda kafin Kirsimeti. Ya ce kara daga ko'ina ya fito ba ruwansa, in dai ba na sata ba ne. Sharaɗi ɗaya ne: shi zai tsaya a waje, Roda ta tsaya a ciki, in ya hango ɗankwalinta to danga ba ta yi ba.

Nan Maikano ya shiga zagaye gari neman kara. Mutumin da bai taɓa zuwa wuri ya dawo hannu wofi ba, sai ga shi yana dawowa haka kullum. A nan kara ba shara ba ne. Da shi ake danga, da shi ake girki, ganyensa shanu ke ci har bazara, abin da ya ragu kuma masu amalanke daga Rijiyar Zaki sun riga sun kama tun yana tsaye. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Ayya, da ka zo jiya." Wani ƙaninsa ya ba shi guda shida, ya ce ya riƙe da albarka.

Daga ƙarshe ya je wajen Jaji, wanda ya jingine nasa a jikin darbejiya, dogaye kamar gora.

"Zan ba ka," in ji Jaji. "Amma ba a ɓagas ba."

"Haba Jaji. Kara? Abin da ke tsirowa da kansa a ƙarƙashin dawa?"

"To naka me ya hana shi tsirowa? Ji nan, ba na son ko sisinka. Matata Falmata ta ƙyalla ido a kan bokitin nan naka mai murfi, kullum sai ta yi mini maganarsa. Kawo shi, ka haɗa da gidajen sauron nan ta rufe barkononta, ka kwashi karan da zai ishe ka."

Ciniki ne mai sauƙi, Maikano ma ya sani. Amma bokitin nan ko ruwa bai taɓa zubawa a ciki ba, yana kan kabad da murfinsa, in baƙo ya zo sai ya nuna masa. A ce abin da ya samu kyauta ya fita daga hannunsa a kan kara? Yana kallon karan Jaji, sai wata dabara ta faɗo masa, wadda ba za ta ci masa komai ba.

"Bar shi kawai," ya ce yana murmushi. "Ka gaida Falmata."

"Maikano, gonar babanka ce fa."

"Na ce bar shi. Ka zo ranar Asabar ka ga aiki."

Kwana huɗu ya yi yana aikin. Ya kwaso gajeren karan gonakin biyu kaf. Ya kafa layi na farko a ƙasa, ya yi masa tanka. Sannan ya ɗauko wasu ya ɗora a kai, gindin na sama a bakin na ƙasa, ya ɗaure mahaɗar da igiyar rama, ya bi ta da ganye ya rufe. Danga mai hawa biyu, irin wadda ba a taɓa gani ba a Gidan Buwai. Daga nesa kuwa, wallahi, sai ka rantse ta gaske ce.

Ranar Asabar da safe rabin ƙauyen ya hallara, har da waɗanda suka ce wucewa kawai suke yi. Jaji ya rufe shago ya zo. Roda ta shiga ciki ta tsaya. Baba Buwai ya dogara sanda, ya ja da baya, ya matso, ya yi ɗage.

"Roda, kina ciki?"

"Ina ciki, Baba."

"To ni dai ban ga ɗankwali ba."

Maikano ya dubi Jaji, ya ɗaga masa gira.

"Baba, an gama?" in ji Roda daga ciki. "Don ina da shanya, rana tana wucewa."

"Yi shanyarki, 'yata."

Kowace mace a ƙauyen a kan danga take shanya, ba wanda ya taɓa tunanin wani abu a kai. Sai ga jiƙaƙƙen zani ya taso daga ciki, ya sauka a kan dangar, ɗaf. Hawa na sama ya ɗan sunkuya kamar mai gaisuwa. Zani na biyu ya biyo. Aka ji ƙaf, ƙaf, ƙaf, igiya tana bin igiya, sai saman dangar ya kwanto waje gaba ɗaya tun daga wannan kusurwa har waccan, a hankali, ba gaggawa. Ga Roda tsaye daga ƙugu zuwa sama, da zani na uku a hannu, ga awakinta uku sun ɗora haɓa a kan abin da ya rage suna kallon jama'a.

"Af," ta ce. "Baban Micah, na ɗauka ka gama."

Dariyar da aka yi har karnuka suka kama haushi. Jaji ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Baba Buwai kaɗai ne bai yi ba, sai dai gemunsa yana rawa.

"Yanzu na ga ɗankwali," ya ce. "Har da awaki. Maikano, magana ta ƙare. Daga bana ta bakin rafi ta Roda ce, kai kuma ga ta bakin titi, da allonka a ciki."

Maikano bai yi musu ba. Ba mai musu ba ne. Ya sunkuya ya fara tattara karan da ya zube, mutane suka watse suna maimaita wa juna yadda aka yi, kowa yana ƙara nasa.

Da la'asar yana kan bencin Jaji, ya yi tagumi da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana ta tsotsar babban yatsa, don wani sartsen kara ya shige masa ƙarƙashin fata tun safe.

"To, Sarkin Ɓagas," in ji Jaji, "tsakaninka da Allah, ta biya?"

Maikano ya zare yatsan daga baki. "Dawar ba ta da laifi," ya ce. "Tuwonta fari, ga laushi. Kuma ta zo lokacin da rumbun kowa ya yi ƙasa. Wanda zai sa ta layi biyar a bayan gida, ya bar sauran gonarsa da kaura, ya more. Yarinyar ma ai an ce ta faɗi komai."

"Ta faɗa. Ina tsaye."

"To me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Da wane kunnen za ka ji? Kana cikin rigata kana ɗingishi."

Maikano ya yi ajiyar zuciya, ya dubi hanyar rafi. Mangwaron nan biyu sun fara fure. Shekara talatin yana kwana a inuwarsu da rana in ya gaji da noma, yanzu sai ya nemi izini.

Sai ga Roda ta fito daga gida da fartanya a kafaɗa da ƙwarya a ka, za ta je ta ga inda za ta sa albasa kafin laima ta janye. Ta gaida Jaji, ta tambayi Falmata. Har ta wuce, sai ta dawo da baya. Ta sauke ƙwaryar a kan benci, ta kama hannun Maikano ba tare da ta dubi fuskarsa ba, ta juya shi wajen haske. Ta zare allura daga bakin ɗankwalinta, ta lasa, ta ɗan tsaga fatar. Ya ja iska ta haƙora. Ta matse, ta zaro sartsen, ta goge a zaninta, ta mayar da allurar inda take.

Ta ɗauki ƙwaryarta ta kama hanyar rafi. Maikano ya duba yatsan, ya lanƙwasa shi sau biyu, ya ce wa Jaji ya matsa masa kaɗan, rana ta cim masa.